Waken Sanyi da Tumakin Baba Nicodim

Braila, 10 ga Satumba, 1993

Zuwa ga 'yata Saveta,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da shanunki uku, waɗanda na lura sun cinye kusan dukan wasiƙarki, ni kawunki kuwa aka bar mini layi ɗaya a can ƙasa. Ban yi fushi ba. Su madara suke bayarwa, ni shawara kawai. Idan lafiyata kike tambaya, gwiwar hagu ta koma 'yar adawa, likita kuma ya hana ni gishiri da barasa da ɓacin rai, wato dai ya hana ni zaman Braila gaba ɗaya. Aiki yana nan yadda kika san shi: ina zaune a maɗaba'a ina farautar kurakuran marubuta, su kuma suna karɓar yabo.

Bayan haka, na karanta labarin farin nan sau biyu. Kin ce ingiricin da kika tara ba zai wuce Maris ba ko da cokali kike auna shi, makiyaya kuma ba ta yin ciyawar kirki sai tsakiyar Mayu. Kin ce dillalin Lugoj har ya zo ya buɗe bakin saniyarki Joiana ya duba haƙora ba wanda ya gayyace shi, kuma ranar da shanun suka bar gidan ke ma za ki sa masa kwaɗo ki tafi Timisoara wankin benen wasu. To, saurara.

Gonar bakin rafi, wadda gwamnati ta dawo mana da ita bara bayan ta are ta shekara arba'in ba ko godiya, rabinta naki ne ta wajen marigayiya yayata, rabi nawa. Kada ki huɗe ta ki bar ta baƙa ƙirin tana jiran masarar baɗi yadda kowa yake yi. Ki shuka mata waken sanyi, ƙananan nan masu zagaye da ake yi don dabbobi, ki gauraya da sha'ir: wake kashi biyu, sha'ir kashi ɗaya. Waken nan rago ne na gaske, ba ya iya tsayuwa da ƙafarsa. In bai sami abin kamawa ba sai ya kwanta ya ruɓe, kamar wasu mawaƙan da nake gyara wa littattafai. Sha'ir shi ne sandarsa. Ki shuka kafin wata ya ƙare, zurfin yatsa. Zai fito ya kai tsawon tafin hannu, ya lafe a ƙarƙashin dusar ƙanƙara, ya tashi tun sauran ciyayi suna barci. Ƙarshen Afrilu kina da ɗanyar harawa. Tsakanin nan kuwa sai ki miƙe ingiricin da karan masara da addu'a.

Ba shi ke nan ba. Yana rufe ƙasa, iskar gabas ba za ta kwashe ta ta kai wa mutanen Hangari kyauta ba, saiwarsa kuma tana da wasu 'yan ƙuraje da ke bar wa masara taki a baya. Haka kakanki yake yi kafin gandun gwamnati ya haɗiye gonar. Ni nake riƙe masa buhu ina ƙunƙuni, ashe darasi ake ba ni.

Na samo iri buhu uku a wajen wani da na gyara wa ƙasidar noma. Za su iso tashar Lugoj ranar Talata a hannun gadin jirgi. Ba a fafe gora ranar tafiya, ki nemi keken doki tun yau.

Kawunki,
Pompiliu

Salcioara, 24 ga Oktoba

Kawu Pompiliu,

Ina gaishe ka da girmamawa. Muna lafiya, shanu ma lafiya. Ga layinka na biyu: ka riƙa ɗaura ganyen kabeji a gwiwar.

Buhunan sun iso. Na watsa da hannu, na ari doki na ja ƙaya a kai na rufe. Allah ya taimake ni ruwa ya sauka a makon. Yanzu gonar ta yi kore shar a tsakiyar baƙaƙen gonakin mutane, daga ƙofar coci ma ana hango ta, don haka kowa ya sami abin taunawa. Maƙwabcinmu Baba Costan har taraktarsa ya kashe don ya ji daɗin magana.

Ya ce, "Saveta, wannan ciyawar da kika bari, ta gado ce ko ta lalaci?"

Na ce, "Wake ne, Baba Costan."

"Wake a Oktoba! Wa ya ba ki wannan hikimar?"

"Kawuna na Braila."

"Au, mai gilashin nan? Wanda ya taɓa gudu ya hau katanga saboda agwagwa?"

Na ce masa ya zo da kwando a Afrilu, zan sam masa. Ya ce zai zo da lauje tun yanzu ya rufa wa gidanmu asiri, don manomin kirki gonarsa baƙa take kwana. Wannan bai dame ni ba, baki ne kawai.

Abin da ya dame ni Baba Nicodim ne. Ka manta da shi a lissafinka. Farkon Disamba zai sauko daga duwatsu da tumakinsa ɗari uku, yadda ubansa yake saukowa wajen kakana. Suna cin tushiyar masara, suna bar mana taki, shi kuma yana cin abinci a teburinmu. Ko zamanin gandu a gidan nan yake ajiye jakinsa. Gonar bakin rafi nan ne masaukinsa na farko, nan ce hanyarsa ta zuwa ruwa. Ƙasa a jiƙe take, tumaki za su tumɓuke tsiron har saiwa, abin da ba su ci ba su tattake.

Magani ɗaya ne, ka san shi: in kafa ciuha, sanda da ƙullin karan alkama a kanta. Makiyayin da ya gan ta ba ya shiga. Amma ciuha don baƙon makiyayi ake kafa ta, ba don mutumin da ya riƙe ni a ruwan baftisma ba, wanda ya ɗauki akwatin gawar mijina a kafaɗarsa. Kada ka ce in gaya masa da baki. A wajensa duk ɗaya ne, kuma masu taya shi kora ba sa jin magana sai sun ga sanda.

Rabin gonar naka ne, kuma kai ne babba a gidan yanzu. In kafa ko kada in kafa? Ka ba ni amsa da wuri.

'Yarka,
Saveta

Braila, 9 ga Nuwamba

'Yata Saveta,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ɗaura kabejin. Gwiwar tana nan yadda take, amma yanzu duk maɗaba'ar tana ƙanshin miya, abokan aiki suna zagaya teburina da tsakar rana cikin fata.

Ki gaya wa Costan ba agwagwa ba ce, dinya ce, kuma tarihi ya nuna irinta sun taɓa korar rundunar yaƙi. Ki gaya masa kuma baƙar gonar da yake alfahari da ita tsirara ce, kuma ban taɓa karanta inda aka yabi mutum don ya bar iyalinsa tsirara cikin hunturu ba.

Labarin korenki ya faranta mini rai fiye da yadda ya kamaci mai shekaruna. Ki tona tsiro guda ɗaya a hankali ki dubi saiwar. In kin ga 'yan ƙuraje masu ɗan ja a ciki, to ma'aikatanmu sun kama aiki, kuma su kaɗai ne a ƙasar nan ba sa yajin aiki.

Game da Nicodim. Gaskiya ne na manta da shi, da ma mai littafi ya fi tuna matattu a kan masu rai. Kakanki bai taɓa kafa ciuha a wannan gona ba, kuma ranar jana'izarsa limamin coci ya yi yabonsa har ƙafafunmu suka yi sanyi. Gida mai irin wannan suna, wa zai so ya ɓata shi saboda shanu uku kacal? Ai suna ya fi madara, tunda shi ba ya tsami, kuma an ce mai shi yakan iya kwana da yunwa cikin mutunci. Ki yi abin da ya dace, 'yata, kin riga kin san shi.

An kawo mini littafin waƙoƙi mai shafi ɗari biyu a kan kaɗaici, marubucin kuwa yana da mata da 'ya'ya biyar da suruka a ɗaki biyu. Sai na ji daga gare ki.

Kawunki,
Pompiliu

Salcioara, 14 ga Disamba

Kawu,

Ina gaishe ka. Ina ɗan tari amma ba komai.

Na ji amsarka. Shanu uku kacal, ka ce. A Braila kacal ne. A nan su ne gishirina da man fitilata da dalilin da ya sa hayaƙi yake fita ta rufin gidan kakana. Amma kai ne babba, ka ce suna ya fi, ban kafa ba.

Sai dai ba ka ce kada in tsaya ni da kaina ba. Baba Nicodim ya iso makon jiya, da jakuna da karnuka da alkyabbarsa ta fatar tunkiya. Ya kawo mini cuku kamar kullum, na yi masa tuwon masara, ya ci ya sa albarka. Bai ce komai a kan gonar ba, ni ma ban ce ba. Tun ranar, da na gama tatsa sai in ɗauki sanda da tulun shayi in je in tsaya a kan iyakar gonar, wai na kawo masa abin ɗumi. Duk inda garken ya karkata, nan nake. Sai tumaki su bi ta gefen gonar Costan su sauka rafi, hanyar da ta fi nisa.

Shekaranjiya ya zo ya jingina da sandarsa kusa da ni.

Ya ce, "Ɗiyata, shayin nan naki ya yi yawa. Tsoho ne ni, mafitsara ba ta ɗauka."

Na ce, "Sanyi ne, Baba, ka sha."

"Sanyin ni kaɗai yake kamawa? Leɓɓanki sun yi shuɗi."

"Iska nake sha."

"Iska kuwa akwai ta a ƙofar gidanki, kyauta." Ya dubi koren ya daɗe, sannan ya ce, "Ubana a nan yake kafa tukunyarsa. Can wajen itacen nan."

Na ce, "Na sani, Baba."

"To, tunda kin sani." Ya kira karensa ya tafi.

Ya gane, na gane ya gane, kuma ba wanda zai fara furtawa. Tumakin kuwa ba ruwansu da kunya. Suna jin ƙanshin ɗanyen ganye suna kuka, kullum sai na kori goma ko ashirin. Costan ya ce a tarihin ƙauyen nan ni ce ciuha ta farko mai ɗankwali.

Ƙanƙara ta ƙi sauka ta rufe mini shi. Zan tsaya har ta sauka. Ba na neman wata shawara.

Saveta

Braila, 29 ga Disamba

Saveta, 'yata,

Wasiƙarki ta yi mako biyu a hanya, ta iso jiya tare da katunan Kirsimeti, ta ɓata mini su duka. Ba ni da lokacin ba ki labarin gwiwa.

Ki kafa sandar! Abin da na ce ke nan, ko kuwa abin da na zaci na ce. Gatse nake yi, yarinya. Kakanki ya mutu da suna, mu kuma muka girma da takalmi ɗaya ni da mahaifiyarki, wanda ya riga tashi shi ke zuwa makaranta. Na ɗauka duk wanda ya san gidanmu zai ji dariyar da ke ƙarƙashin maganar. Shekara talatin ina sa wa jimlolin mutane alama don kada a karanta su a karkace, ga shi tawa ta tsayar da 'yar yayata a cikin iska kamar dodon gona. Daga yau in ina miki wasa zan zana ɗan zakara a gefen layin.

Yanzu ga magana ba zakara. Waken nan ba zai jure baki ɗari uku ba ko na yini ɗaya. Ke kuma ba za ki jure Janairu a kan iyaka ba. In kin kwanta, wa zai tatsa? Ki ɗaura karan, ki kafa, ki koma gida kusa da murhu.

Kunyar kuma ki ɗora mini ita. Ki ce wa Nicodim kawunki na birni, mai gilashi, matsoracin dinya, shi ya aiko da umarni a rubuce, ke ba ki da yadda za ki yi. Ya zage ni son ransa. Tsakanina da shi faɗin ƙasar nan ne gaba ɗaya, kafin zagin ya iso ya huce. Amfanin dangi na nesa ke nan, a jingina musu abin da na kusa ba zai iya ɗauka ba.

Ki tafasa albasa da zuma ki sha. Ki rubuto ranar da kika karanta wannan, ko layi ɗaya ne.

Kawunki wanda ya ji kunya,
Pompiliu

Salcioara, 17 ga Janairu, 1994

Kawu Pompiliu,

Gaisuwa, da barka da sabuwar shekara. Na ji sauƙi, ina tafiya da ƙafata.

Wasiƙarka a gado ta same ni. Zazzaɓi ya kayar da ni bayan Kirsimeti, matar Costan ce ta riƙa tatsa mini. Da na karanta na yi dariya har tari ya sarƙe ni, sannan na yi kuka, sannan na so in jefa ta a murhu. Ka zana zakaran, don Allah.

Da na iya miƙewa na je gonar. Kusurwar wajen rafi, kamar faɗin tsakar gidanmu sau uku, babu komai sai laka da sawun kofato. Ba na ce Baba ne ya kora su ciki ba. Ya dai juya baya, su kuma ba su ga mai ɗankwali ba.

Na dawo gida na sari doguwar sanda, na ɗaure mata kara a kai da igiya. Na saɓa ta na bi ta tsakiyar ƙauye da rana tsaka, mata suna leƙowa ta taga. Na tarar da shi yana gyara wa jaki kaya. A gabansa na haƙa, a gabansa na kafa, na danne gindinta da duwatsu.

Ya cire hularsa ya sake sawa. Ya ce, "Wannan ta wa ce?"

Na ce, "Tawa ce, Baba."

"Na ce don wa aka kafa ta?"

"Don tumaki."

"Tumaki ba sa karatu. Ni aka rubuta wa." Ya matso. "Wannan ba aikinki ba ne. Wancan na Braila ne ya sa ki, ko? Faɗa mini, in san wanda zan tsine wa."

Kawu, ƙofar da ka buɗe mini ke nan, shi da kansa ya riƙe mini ita. Amma na ga in na shiga ta nan, baɗi ma sai na nemo wani ƙaton da zan ɓuya a bayansa, kuma ni zan ci gaba da shuka waken nan baɗi da baɗin waccan. Na ce, "Ba wanda ya sa ni. Shanuna uku ne, ingiricina ba zai kai ba. In tumakinka suka ci wannan, a Afrilu ba ni da gida. Ka riƙe ni a ruwan baftisma, Baba, ba don in zama mai wankin bene ba."

Ya ce, "Hannuna ya ɗauke ki kina kamar ɗan rago. Yau kin yi girman kafa mini kara."

"Na yi, Baba."

Ya juya ya koma kan jakinsa. Kafin la'asar sun naɗe kaya sun haye rafi, an ce suna can wajen ƙauyukan kudu inda ba su san kowa ba. Ranar idin Yahaya, da yakan zauna a teburinmu tun ina goye, na dafa, na ajiye masa kujera, ba wanda ya zo. A coci wasu tsofaffi sun daina amsa gaisuwata.

Daren da suka tafi ƙanƙara ta sauka, har gwiwa. Da ta yi hanzari ta riga ni da yini ɗaya, da ba a yi haka ba. Amma ban yi nadama ba. Waken yana ƙarƙashinta yana barci, sandar tana tsaye.

'Yarka,
Saveta

Braila, 27 ga Maris

'Yata Saveta,

Gaisuwa. Wannan ce wasiƙata ta uku tun Janairu, kuma har yanzu shiru. Mai kawo wasiƙu ya fara tsallaka titi in ya hango ni. Lafiyata ƙalau, ban da cewa na saki kuskure har huɗu a littafin addu'o'i, abin da ban taɓa yi ba, kuma ɗaya daga ciki ya yi wa masu zunubi alkawarin da Allah bai yi musu ba.

Mutumin da ba shi da labari yakan ƙirƙiro nasa, ni kuma na karanta littattafai masu mugun ƙarshe da yawa. Wata rana in ga dillalin Lugoj yana jan Joiana da igiya. Wata rana in ga sanyin Fabrairu ya ƙone waken tas, kina zagina daidai gwargwado. Wata rana kuma in ce fushi kike yi da ni saboda Nicodim, don ni na jefa irin nan a tsakaninku daga nesa, na koma na zauna kusa da murhu. In wannan ne, ki rubuto zagin, zan gyara masa waƙafi in mayar miki.

Abin da kika yi a bakin rafi ni ba zan iya ba. Na ba ki bayana ki ɓuya kika ƙi. Na daɗe ina tunanin wannan.

In waken yana raye, ga abin da ya rage, ba zakara. Ki daure har ya fara fure, lokacin ne ganyensa ya fi ƙarfi. In yunwa ta matsa, ki yanka kaɗan kaɗan daga gefe. Kada ki ba su shi da raɓa, kada kuma ki ba su a kan cikin da ba komai, zai kumbura su kamar ganga ki rasa su a yini guda bayan kin tsallake da su hunturu. Ki bar shi ya sha rana ya yi laushi, ki gauraya da busasshen kara, ki ƙara a hankali. In kin gama yanka ki huɗe tushiyar a ciki ki sa masara nan da nan.

Kada ki sayar. Ko sun zama ƙashi da fata, kada ki sayar. Na nemi hutu a Mayu, na kuma sayi dutsen wasa lauje. Mai shagon ya dube ni ya tambaya ko takarda zan danne da shi.

Ki yi magana, Saveta.

Kawunki,
Pompiliu

Salcioara, 8 ga Mayu

Kawu Pompiliu,

Ina gaishe ka da kyau. Wasiƙunka duka sun iso. Ba fushi nake ba. Ban so in rubuta maka "ban sani ba" sau uku, shi ya sa na jira har in sani.

Maris ya yi muni. Ingirici ya ƙare tun kafin watan ya raba. Na ba su karan masara, na ba su rassan itace, na zare bunun rufin rumfa na yayyanka na zuba musu da ruwan gishiri. Dillalin ya zo sau biyu, zuwan ƙarshe har da igiyarsa a hannu. Na ce ya ajiye ta, wata rana za ta yi masa amfanin ɗaure wando. Saniyata Murga ta kwanta ta kasa tashi, sai da Costan da surukinsa suka zo muka sa mata buhu a ciki muka ɗaga ta. Yana ɗagawa yana cewa, "Wannan ba saniya ba ce, kujera ce mai ƙaho."

Da ƙanƙara ta narke waken ya fito a kwance, rawaya, kamar wanda aka yi wa duka. Na tsaya a kansa na ce shi ke nan. Sai rana ta yi mako guda, ya ɗago, ya kama sha'ir ya fara hawa. Ban iya jiran fure ba, na fara yanka daga gefe tsakiyar Afrilu, yadda ka ce, da kara a ciki. Ba wadda ta kumbura. Yanzu ya kai mini ƙugu, furen ja da shuɗi, ƙudan zuma kamar kasuwa. Shanun nan uku suna tsaye. Joiana ta haihu, mace. Costan ya zo da kwandon da na ce ya zo da shi, bai yi dariya ba, ni na yi. Ya tsuguna ya tona gindi ɗaya yana duban saiwar, ya ce ƙurajen nan cuta ce. Na ce irin cutar da zai so gonarsa ta kamu da ita.

Ranar Laraba na ji ƙararrawar tumaki a kan hanya. Baba Nicodim ne zai koma duwatsu. Ban taɓa ganin garkensa haka ba, Kawu. Sun rame, 'yan ragunan ba su kai rabin na kullum ba, shi kansa alkyabbar ta yi masa yawa. A can kudu ya sha wuya, kuma na san da hannuna a ciki.

Na ɗauki lauje na cika keken doki da harawar da ta sha rana, na zagaya ta gaba na zubar a gefen hanya, bayan sandar, wajen da ba gonata ba. Na koma na tsaya a kan iyaka. Tumakin suka faɗa mata. Ya zo ya tsaya yana kallon sama kamar mai neman hadari.

Ya ce, "Wani sakarai ya zubar da kaya a hanya."

Na ce, "Hanya ta kowa ce, Baba."

"Haka ne." Ya ɗauki reshe ɗaya ya murza ya sansana. "Shanun?"

"Suna tsaye. Da ƙari ɗaya."

Ya gyaɗa kai. Na ce ya shigo ya ci tuwo. Ya ce rana ta yi, hanya da nisa. Na ce to kaka in ya sauko. Ya ce kaka tana hannun Allah. Sai da garken ya cinye tas ya fara tafiya, sannan ya juyo ya nuna sandar da haɓarsa.

"Baɗi ma za ki shuka abin nan?"

"Zan shuka, Baba. Har da gonar tudu."

"To ki kafa sandarki tun ban sauko ba, in hango ta daga nesa in kauce da kaina. Ba a kafa wa mutum kara a gaban hancinsa."

"Zan kafa da wuri."

"Doguwa. Idona ya fara rauni."

Bai sa mini albarka ba yadda ya saba, bai kuma kira ni ɗiyata ba. Ban sani ba ko zai sake zama a teburinmu. Na tsaya har ƙararrawar ta ɓace, na koma yanka, don rabin gonar yana nan kuma masara ba za ta jira ni ba.

Zan ajiye alƙalami haka. Murga tana kuka a turke, ba na yunwa ba, hantsarta ce ta cika.

'Yarka,
Saveta